Saura wata biyu da rabi bikina, in rage ƙiba tukuna ko in je wurin tela haka?

Amaryar Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Dan Allah shawara nake nema kuma ina so a faɗa min gaskiya ko da ba za ta min daɗi ba. An sa ranar aurena, saura wata biyu da rabi in sha Allah, amma har yau ban kai ko ɗinki ɗaya wurin tela ba. Akwati ya zo tuntuni, shadda da leshi da atamfofi suna nan jibge a ɗakin Dada ko ninkinsu ban warware ba, rigar suware kuwa da ƙawayena suka nace sai na saka daren walima ko tunaninta bana so in yi. Dalilin duka jikina ne. Tsawona mita 1 da 62, nauyina kilo 84 a sikelin farmasi, kuma yawancin ƙibar a tumbi da damtse ta taru. Da can ba haka nake ba, tun da na fara zaman shago daga safe zuwa magariba, ga shayi ga makala ga lemun sanyi saboda zafin garin nan, sai jiki ya dinga buɗewa a hankali har kayana na da suka daina shiga.

Mun taɓa leƙa wani shagon da ake ba da hayar rigunan amare ni da ƙawata, matar ta kalle ni daga sama zuwa ƙasa ta ce wai ba su da lambata sai dai in dawo in na sauka. A gaban mutane ta faɗa. Wallahi da ƙyar na riƙe hawayena har muka hau moto, kuma tun ranar ko maganar awo aka yi sai gabana ya faɗi.

Yanzu na shiga tsakiya. Ƙawayena suna cewa in shiga rejim mai tsanani in bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya, ɗaya ma ta turo min hoton wani shayi da ake sayarwa a WhatsApp jaka 15, wai kilo 10 yake zubarwa a wata guda. Ita kuma Goggo ta ce kar ta kuskura ta ji, wai ina aka taɓa ganin amarya ta rame kafin a kai ta, dangin miji sai su ce ba a ciyar da ni a gidanmu, har cewa ta yi akwai wasu ƙwayoyi da za ta samo min in ƙara cikowa ta ƙasa jikin ya daidaita. Shi angon in na taɓo zancen sai ya ce shi haka ya gan ni ya ce yana so, ya kashe maganar. Na yarda da shi, amma ba shi za a ɗauka a bidiyo a zuba a status da TikTok ana ta kallo ana sharhi ba.

To abin da nake tambaya, in jira sai na sauka sannan a auna ni ko in kai ɗinkin yanzu? Kilo nawa mutum zai iya ragewa a wannan lokacin ba tare da ya cutar da kansa ba? Kuma shayin nan akwai wadda ta san shi? Allah ya saka da alheri.

Maɗinkiya a Domayo

Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri ya nuna mana ranar lafiya. Ni ɗinkin mata ne sana'ata a nan Marwa kuma amare su ne rabin aikina, bari in amsa miki ɓangaren da na sani. Ki ɗauki kayanki ki kai wannan satin, kar ki ƙara ko kwana uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu da rabi a wurinki yana da yawa amma a wurin tela ba komai ba ne, ga ankon bukukuwa a gabanki, ga wuta da take ɗaukewa lokacin da ta ga dama, shadda kuma in za a yi mata aiki mai kyau sai ta je wurin mai surfani ta dawo kafin a haɗa, shi ma da nasa layin. Amaren da suke jira sai sun rame su ne suke zuwa mana saura kwana goma suna kuka, a ƙarshe a yi musu ɗinkin sauri da bai kai rabin kuɗin yadin ba.

A auna ki yadda kike yau. Rage riga abu ne mai sauƙi, a kama gefe da gefe a rage, awa ɗaya an gama. Ƙara ta shi ne bala'i, in an riga an yanka yadi to ya yanku. Kuma shadda musamman getzner ba ta yafiya, in aka warware ɗinki sai ki ga sawun allura a jere ba ya ɓacewa ko an buga ta, leshi mai duwatsu shi ma in aka farke wurin ba ya komawa daidai. Saboda haka duk wadda ta ce min in ɗinka mata lamba biyu ƙasa da jikinta wai za ta rame kafin ranar, ba na karɓa, gara ta ji haushina yau. Ki ce wa telarki ta bar miki yadi a ciki kamar santimita 3 kowane gefe, ko kin sauka ko kin ƙaru rigar za ta bi ki. In kin rage kilo 4 ko 5 ƙugunki 'yan santimita ne zai ragu, ba wani abu ba ne da zai gagari tela.

Ki fara da kayan da ba sa kama jiki, dogayen riguna da buba da zani, su ba ruwansu da kilo. Masu kama jikin a yanka su daga baya amma a yi gwajin ƙarshe saura sati biyu, daga nan kuma ki daina neman ragewa ki tsaya inda kike. Ranar awo ki saka rigar maman da za ki saka ranar bikin da takalmin, wannan mata da yawa suna raina shi alhali rigar mama daidai jiki ita kaɗai tana gyara tsayuwar riga fiye da kilo uku da za ki zubar.

Zancen damtse da tumbi kuwa aikinmu ne ai. Hannu mai ɗan faɗi da ya wuce gwiwar hannu, ba wanda zai shaƙe damtsen ya raba shi biyu ba. Rigar ta kama daga ƙarƙashin ƙirji inda mace ta fi siranta sannan ta sauka a buɗe. Yadi mai nauyi da shafi mai kyau a ciki, ki guji satin mai sheƙi siriri domin komai yake nunawa har a jikin marasa ƙiba. Rigar suware kuma a yi mata baya mai igiya maimakon zif, ke da kanki za ki ce a ɗaure ko a sassauta.

Ita kuma mai shagon haya, kunya ce ta kama ta ta juye miki. Rigunan nan yawanci daga Sin ake kawo su kuma yankansu ƙarami ne, macen da take saka 42 a nan sai ta ga 46 ɗinsu ya ƙi rufuwa. Ba ta da kaya ne kawai, maimakon ta ce ba ta da shi sai ta mayar da laifin kan jikinki. Ki ba tela ta ɗinka miki taki a jikinki, sau da yawa kuɗin bai fi na hayar da wani abu mai yawa ba kuma rigar ta zama taki.

Hajiyar Kusuri

Ɗiyata Allah ya yi albarka. Na karanta maganarki sai da raina ya sosu, yarinya ana shirin ranar farin cikinta tana ɓuya daga tela. Ni dai ban ga abin ragewa ba in lafiyarki ƙalau. Mu nan bakin gada tsakaninmu da Njamena amarya ana so a gan ta a cike, a killace ta a ɗaki a yi mata dilka da halawa, ta zauna kan turaren tsuguno har fatarta ta yi laushi ta ɗauki ƙamshi, a bi ta da humra, ranar da aka fito da ita cikin lafaya ba mai tambayar kilo nawa ce. Kuma ki duba lafaya da kyau, ba awo ba zif ba a ce ki riƙe numfashi, naɗawa ake yi kuma mai jiki ta fi yi wa kyau, wannan kowa ya sani. Wa ya ce dole sai rigar nan mai kama jiki? Iyayenku ba su saka ba kuma an yi aurensu an zauna. In zuciyarki ba ta kwanta da ita ba ki bar ta, ƙawaye su yi haƙuri, ba bikinsu ba ne.

Amma fa a kan ƙwayoyin nan ban goyi bayan Goggonki ba ko kaɗan, ki ba ta haƙuri cikin ladabi ki ce a'a. Na ga yarinya a unguwarmu da aka ɗura wa irin su kafin biki, fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu kuma suka tsaya sirara, nankarwa ja ta fito mata har a hannu, bayan auren tana ta zaryar lopital. Ba a zaɓar inda magani zai kai ƙiba ɗiyata, duk mai ce miki wannan na ƙasa ne kawai ƙarya take yi don ta sayar.

Maganar bakin mutane kuwa, na aurar da 'ya'ya na ga yadda ake yi. Siririya aka kawo sai a ce ba ta da komai me ya gani, mai jiki aka kawo sai a ce ta yi masa yawa, fara a ce shafe-shafe ne, baƙa a ce ba a gyara ta ba. Waɗanda za su yi magana sun riga sun shirya tun kafin su gan ki. Shi yaron da ya ce yana sonki haka, kar ki bari ya kashe zancen, ki zaunar da shi ki gaya masa abin yana damunki da gaske har kina kuka, domin wanda za ki zauna da shi ya kamata ya san abin da ke ci miki rai tun yanzu, ki ga yadda zai riƙe maganar.

Nas daga Ngawundare

Salam ƙanwata. Hajiya ta faɗi gaskiya a wurare da yawa, Allah ya ƙara girma, amma a matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan ce miki babu abin dubawa ba. Da tsawon 1,62 da kilo 84, IMC ɗinki, wato ma'aunin da ke auna nauyin mutum da tsawonsa, ya kama 32, kuma daga 30 ake lissafa shi a ƙibar da ke jawo hawan jini da ciwon suga, balle da kika ce a tumbi ta fi taruwa. Ki ɗauki tef ɗin tela ki auna ƙugunki wajen cibiya, ana so kar ya wuce rabin tsawonki, ke kenan santimita 81. Wannan ba maganar kyau ba ce, kyau kina da shi yau ma, magana ce ta cewa kina shirin shiga gidan miji wataƙila ciki ya zo da wuri, kuma mace mai ƙiba ta fi fuskantar suga da tansiyo a lokacin goyon ciki. Don haka ni ina goyon bayan ki rage, amma don jikinki, ba don riga ba, rigar a ɗinka ta yanzu kamar yadda maɗinkiya ta ce.

Nawa za ki iya? Rabin kilo zuwa kilo 1 a sati shi ne abin da jiki yake ɗauka lafiya. A sati goma ki sa ran kilo 4 zuwa 6, in ya fi haka kaɗan to madalla. Kar ki raina shi, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin mutum yana sauke tansiyo da suga a fili, kuma kilo 4 ɗin nan ya kusa kai kashi 5 ɗinki. Kilo 10 a wata ba kitse ba ne. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori dubu 7 da ɗari 7 ne, ki lissafa da kanki ki gani ko shayi zai iya ƙona goma a kwana talatin.

Irin shayin nan yawancinsu filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sa ki, ruwa ya fita sikeli ya sauka ki yi murna, kina shan ruwa ya dawo. Wasu kuma har Lasilix suke sha, maganin sa fitsari na masu ciwon zuciya da kumburi, a garin da zafi yake wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu, ruwan jiki da fotasiyam su ƙare, mutum ya faɗi ko zuciya ta rikice. Abin da ya fi ban tsoro shi ne wanda ba a rubuta a kwalin ba. Akwai sibutramine da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma har yanzu ana kama shi a ɓoye cikin shayi da kofi na rage ƙiba. A Faransa ma Mediator da aka dinga ba mata don kashe yunwa sai a 2009 aka hana shi bayan ya lalata wa mutane da yawa zuciya, wannan fa maganin farmasi ne mai takarda, ina ga wanda ake turowa a leda ba sunan kamfani. In wata ta kawo miki zancen allurar Ozempic, ita ta masu ciwon suga ce, likita ke rubutawa, akwai jabunta a kasuwa har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024, kuma ana so mace ta daina ta aƙalla wata biyu kafin ta ɗauki ciki, kin ga ba ta amarya ba ce. Ƙwayoyin Goggo kuma daga yadda Hajiya ta siffanta dexamethasone ne (dexa), maganin rage kumburi, wani lokaci a haɗa da maganin buɗe ciki irin su Super Apeti. Wadda ta riga ta daɗe tana shan dexa kar ta yanke rana ɗaya, ta je lopital a rage mata a hankali.

Kar ki bar tuwo. Wadda ta bar abinci gaba ɗaya jiri ne da ƙarancin jini da rikicewar al'ada, gashi kuma ya fara zuba bayan wata biyu zuwa uku wato daidai lokacin bikinki, ga haɗarin tsakuwa a maɗaciya in aka rame da sauri. Ki fara da abin sha, a nan matsalarki take. Ƙwayar sukari ɗaya kusan giram 5 ce, kofi uku na shayi kowanne da ƙwaya uku giram 45 kenan, gwangwanin Coca ɗaya giram 35, kin kai 80 ba ki ci komai ba tukuna, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kar a wuce kamar giram 50 a rana, in an tsaya a 25 ya fi. Ki mayar da shayin ƙwaya ɗaya, lemun kwalba ki bar shi sai ruwa ko folere, wato zoɓo, da kika haɗa da kanki ba sukari sosai, wannan kaɗai zai iya sauke miki kilo 2 zuwa 3 kafin ranar. Sai mai, cokali ɗaya na cin abinci kusan kalori 120 ne ko na gyaɗa ko Diamaor, mu kuma da ludayi muke zubawa. Makala da soye-soyen safe ki mayar da su ƙwai dafaffe ko kindirmo ba sukari ko wake. Tuwon dawa malmala ɗaya maimakon biyu, miyar ta fi tuwon yawa, tafasa, yakuwa, zogale, kuɓewa, kuka, ga kifin Lagdo a garinku a gasa maimakon a soya. Kunun gyaɗa da dare ki rage shi sosai. Tafiya minti 30 kwana biyar a sati, shi ne minti 150 ɗin da ake so, bayan asuba kafin rana ta ɗaga, kuma in wurin ba nisa ki bar moto ya wuce.

Kafin ki fara ki je a duba miki tansiyo da suga da yawan jini. In al'adarki tana tsallake wata ko gashi yana fito miki a haɓa ki gaya wa likita ya duba SOPK, wato matsalar ƙwan mace da ke rikita al'ada, in kuma ga kasala da jin sanyi a duba tayirod, wata halitta a wuya da ke daidaita yadda jiki yake ƙona abinci, domin wani lokacin ba abinci ne kaɗai ba.

Maman Biyu, Yelwa

Adda nas ta gama magana, Allah ya biya. Ni abin da zan ƙara kaɗan ne. Hajiya ki yi haƙuri, cewa a toshe kunne yana da sauƙin faɗa amma wallahi maganar tana shiga, ni ma mai jiki ce aka kai ni kuma na san yadda ake ji in an ɗaga waya an saita ki. Abin da ya taimake ni shi ne na zaɓi wadda za ta raka ni gwaji, mutum ɗaya tak, yayata da na san ba za ta yatsina fuska ba. Kar ki kwashi ƙawaye biyar kowace da ra'ayinta, musamman wadda ta turo miki shayin nan, ita ta zauna a gida. Kuma tun kafin a taɓa ki da tef ki gaya wa telar cewa awo kika zo yi ba sharhi ba, in ta fara wai da kin rage nan, ki tattara yadinki ki tafi wurin wata, teloli sun cika Garwa.

Mai hoto ma ki yi magana da shi tun wuri, ya ɗauke ki a tsaye daga daidai fuska ko sama kaɗan, ba daga ƙasa kina zaune a kujera mai lotsawa ba, kuma ki roƙi ƙawayenki na kusa kar su ɗora komai sai kin gani. Ba za ki iya hana duk 'yan biki ba amma na kusa za su ji. Zancen tafiya kuma, wajen filin wasa na Rumde Ajiya da sassafe za ki tarar da mata suna zagayawa da hijabansu ba mai kallon kowa, ki samu ƙanwa ko maƙwabciya ku dinga fita tare don ke kaɗai kwana kaɗan za ki gaji.

Amaryar Garwa

Na gode ƙwarai wallahi, Allah ya saka muku da aljanna, ban zaci za a ba ni lokaci haka ba. Hajiya na karanta wa Dada abin da kika rubuta a kan ƙwayoyin, ta ce ita za ta yi wa Goggo magana da kanta tunda ni ba zan iya ja da ita ba. Lafayar ma ta shiga raina, ina ganin ita zan yi ranar kamu. Adda nas al'adata kam takan yi wasa wani lokacin ta haɗa wata biyu, zan faɗa a lopital in na je. Tambaya biyu ta rage min, azumin Litinin da Alhamis zai taimaka ko zai hana? Sannan gen ɗin nan da ake ɗaurawa a ciki, ƙawata ta ce in dinga kwana da shi wai yana narkar da tumbi, gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne ko ranar bikin kawai zan iya sawa a ƙarƙashin riga?

Nas daga Ngawundare

Azumi ba laifi in gwajin ya nuna jininki bai yi ƙasa ba, ki yi shi da niyyar ibada, ki yi sahur na kirki ki sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba. Amma in za ki buɗe baki da makala da kunu mai sukari da lemun sanyi to abin da kika rage da rana ya dawo kafin isha'i. Dabino biyu ko uku da ruwa, ki yi salla, sannan ki ci abincinki na kullum. Gen kuma ba ya narkar da komai, matse kitsen kawai yake yi, kina cirewa ya koma mazauninsa, gumin da kike gani ruwa ne. Kar ki kwana da shi, yana hana numfashi ya cika yana tayar da ƙwannafi, a zafin Garwa kuma ƙuraje ne za su feso miki. Zancen al'adar nan kar ki bari sai bayan biki, ki je wannan satin, in SOPK ce rage kilo kaɗan ɗin ma yakan taimaka ta daidaita.

Maɗinkiya a Domayo

Ranar biki za ki iya sawa amma mai laushi wanda yake daidai lambarki, ba ƙarami ba, ƙaramin ne yake turo nama sama da ƙasa ya ɓata rigar. Ki saya tun yanzu ki zo da shi ranar awo a auna ki da shi a jikinki, kuma a wurin gwaji kar ki tsaya gaban madubi kawai, ki zauna a kujera, ki durƙusa kamar za ki gaida surukai, ki ɗaga hannu sama, in kin kasa ɗaya daga ciki a sassauta rigar. Amarya takan yi awa biyar ko shida cikin kayan nan ga mayafi ga gwaggwaro ga zafi. Lafayar kuma ki nemi mai laushi mara santsi sosai don kar ta dinga zamewa daga kafaɗa, rigar cikinta a yi mata hannu dogo da yadi mai shan gumi, in ba ki iya naɗawa ba ki sa wata 'yar Kusuri ko Njamena ta koya miki tun yanzu ki dinga yawo da ita a tsakar gida har hannunki ya saba.